KWANA HUƊU KO KWANA BIYAR? MAGANAR RAGE RANAKUN AIKI

A farkon daminar bana muka kai rangadin makarantu ƙasar Babura, can arewa maso yammacin Jihar Jigawa, inda ƙasarmu ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ran Alhamis da hantsi muka sauka wata makarantar ƙauye, wadda ba sai mun ambaci sunanta ba. An yi ruwa mai yawa da dare, gari ya waye kowa ya ɗauki fartanya. Da muka shiga aji uku muka kira rajista, yaran da suka amsa ba su kai rabin waɗanda aka rubuta ba. Cikin malamai kuma biyu ba su zo ba. Ɗaya an ce yana gona, ɗayan kuwa daga nesa ya ke zuwa bisa babur, kuɗin mai ya yanke masa tun ran Talata.

Bayan an tashi yara muka zauna gindin dalbejiya da sauran malaman muna hira. Sai wani saurayi daga cikinsu, wanda bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, me zai hana a yi mana yadda aka yi a Kaduna, a mai da aiki kwana huɗu a mako? Kowa ya sami ranar gona, kuɗin mota kuma ya ragu." Kafin mu buɗe baki sai hedimasta, wani dattijo mai furfura, ya yi murmushi ya ce masa, "Malam, kwana huɗun ai mun riga mun ba kanmu tuntuni. Abin da ya rage kawai a rubuta a takarda." Aka yi dariya. Amma mu dai ba mu bar wurin da dariya ba, gama tambayar saurayin nan tana da hujja, amsar dattijon kuma tana da ɗaci. Saboda haka muka ga ya kamata mu baje maganar a gaban masu karatu, musamman akawuna da malaman makaranta, tun da su abin ya fi shafa.

MAFARIN MAGANAR

Ran 1 ga Disamba 1921 ba kowa ya san wannan zance a ƙasar Hausa, amma shekara ɗari daidai bayan haka, watau ran 1 ga Disamba 2021, Gwamnatin Jihar Kaduna, zamanin Gwamna Malam Nasiru El-Rufa'i, ta fara shirin mai da makon aiki kwana huɗu. Aka ce ma'aikata su riƙa shiga ofis ƙarfe 8 na safe su tashi ƙarfe 5 na yamma, ran Juma'a kuwa su yi aikinsu daga gida. Da fari an keɓe makarantu da asibitoci. Amma cikin Janairu 2022, da aka koma zangon karatu na biyu, sai aka shigar da makarantun Gwamnati cikin shirin, aka ce za a gyara jadawalin karatu don kada yara su yi hasara. Dalilan da Gwamnatin ta bayar su ne a sami ƙarin aiki mai kyau, ma'aikaci ya sami lokacin iyalinsa da na hutu da na noma, an kuma ce an koyi darasi daga zaman gida na annobar korona.

Kaduna ba ita ta fara taɓa ranakun aiki ba. Cikin 2016 Jihar Binuwai ta ba ma'aikatanta ran Juma'a su tafi gona. Cikin shekarar nan kuma Gwamnan Imo, Rochas Okorocha, ya ce a yi aiki Litinin zuwa Laraba, Alhamis da Juma'a a koma noma, ƙungiyoyin ƙwadago kuwa suka ce ba su yarda ba. Sa'an nan ran 29 ga Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi shi. Cikin watan Yuni na shekarar Jihohin Kwara da Edo suka ba da sanarwar rage zuwa ofis ya koma kwana uku a mako.

To, a nan ya kamata mai karatu ya lura da abu guda. Magana ɗaya ce a baki, amma dalili biyu ne a ciki. Waɗansu suna neman a rage ranaku don sun gaskata ma'aikacin da ya huta ya fi yin aiki. Waɗansu kuwa suna nema ne don albashi ba ya kai mutum ofis sau biyar a mako ya komo. Ciwon dabam dabam ne, ba kuwa lalle magani ɗaya ya warkar da su duka ba.

YADDA AKA SAMI HUTUN DA MU KE CI

Kada kowa ya zaci hutun Asabar da Lahadi, ko tashi aiki da la'asar, abu ne da ya faɗo daga sama. Sa'ad da aka fara kafa masaƙu da maƙeru na inji a Ingila, ma'aikaci ya kan yi awa 12 ko fiye a rana, kwana shida a mako, har da mata da yara ƙanana. Cikin 1817 wani mai masaƙa, Robert Owen, ya fara kiran a raba yini uku, awa takwas aiki, awa takwas hutawa, awa takwas barci. Aka ɗauke shi mai mafarki. Cikin Mayu 1886 ma'aikatan birnin Chicago a Amurka suka yi yajin aiki a kan awa takwas ɗin nan, aka yi rikici har aka rasa rayuka. Tunawa da su ne asalin Ranar Ma'aikata ta 1 ga Mayu. Sai 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta ta farko, ta tsai da awa 8 a rana da awa 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. Cikin 1926 Henry Ford, mai kamfanin motoci, ya mai da makon ma'aikatansa kwana biyar, awa 40, bai kuwa rage musu lada ba. Cikin 1935 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi wata yarjejeniya a kan mako mai awa 40. Ku duba, daga kiran Owen zuwa nan shekara 118 ke nan.

A nan ƙasarmu ma haka abin ya ke, ba a sami kome a ɓagas ba. An kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Nijeriya, watau NUT, cikin 1931. Cikin Yuni 1945 aka yi babban yajin aiki na kwana 44 a kan tsadar rayuwa, wanda ya fito da sunan Michael Imoudu, jiragen ƙasa suka tsaya cik daga Ikko har Zariya da Kano. Cikin 1948 Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, a zamanin da malamin En'e ba ya da bakin magana gaban manyansa. Daga 1 zuwa 13 ga Yuni 1964 aka sake yin yajin gama gari a kan rahoton hukumar Morgan game da albashi. Aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, watau NLC, cikin 1978. Wani abin da mutanen Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa za su yi alfahari da shi kuma, Jihar Kano ce ta ba da hutun Ranar Ma'aikata cikin 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, shekara guda kafin Gwamnatin Tarayya ta mai da shi hutun ƙasa duka cikin 1981. A lokacin nan garuruwan nan duka cikin Jihar Kano su ke, gama sai ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa.

In mun duba tarihin nan za mu ga yawancin gwagwarmayar ƙungiyoyinmu a kan albashi ta ke. Har kwanan nan ma haka ne, daga mafi ƙarancin albashi na Naira 30,000 cikin 2019 zuwa Naira 70,000 cikin 2024. Rage ranakun aiki kuwa, a ƙasar nan, daga bakin gwamnoni ya fi fitowa. Shi ya sa ma'aikata su kan karɓi kyautar da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana dafe da aljihu. Ba za mu ga laifinsu ba. A Kaduna ɗin nan, cikin Mayu 2021, watau wata shida da 'yan kwanaki kafin a fara makon kwana huɗu, NLC ta yi yajin gargaɗi a kan sallamar ma'aikata. Mutumin da ya ga an kori maƙwabcinsa jiya, in aka ce masa yau ya zauna gida ran Juma'a, dole ya tambayi kansa ko ana nufin nuna masa cewa aikinsa bai kai na kwana biyar ba ne.

ABIN DA AKA GWADA A WAƊANSU ƘASASHE

Masu cewa a rage ranaku suna da hujjoji masu ƙarfi, ba kuwa za mu ɓoye su ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, Gwamnatin Ingila ta sa an ƙidaya aikin masu ƙera harsasai, waɗanda a ke sa su aiki dare da rana har ran Lahadi. Cikin 2014 wani malamin Jami'ar Stanford, John Pencavel, ya sake bin lissafin nan. Ya tarar in awoyin mako ba su wuce kamar 49 ba, kowace awa da aka ƙara tana ƙara aiki daidai gwargwado. Daga nan sai amfanin ƙarin ya riƙa raguwa, har ya zama wanda ya yi awa 70 bai fi wanda ya yi awa 56 da wani abin kirki ba. Watau jikin ɗan Adam yana da iyaka, in an wuce ta sai gajiya da kuskure.

A ƙasar Iceland, tsakanin 2015 da 2019, aka gwada da ma'aikatan Gwamnati wajen 2,500. Aka rage musu mako daga awa 40 zuwa 35 ko 36, albashi yana nan yadda ya ke, aka tarar a yawancin wurare aiki bai ragu ba. A Ingila, daga Yuni zuwa Disamba 2022, kamfanoni 61 masu ma'aikata wajen 2,900 suka gwada makon kwana huɗu. Da wa'adi ya cika 56 daga cikinsu suka ce za su ci gaba. Sharaɗin da aka gindaya a gwajin nan shi ne abin lura, watau cikakken albashi, kashi 80 cikin ɗari na lokaci, amma aikin da za a gama ya zama cikakke kamar da. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma tun Janairu 2022 ta mai da makon ma'aikatan Gwamnati kwana huɗu da rabi, a tashi kafin sallar Juma'a.

Amma fa akwai inda aka gwada aka janye. Jihar Utah ta Amurka ta mai da ofisoshinta kwana huɗu cikin 2008, awa 10 kowace rana, da nufin rage kuɗin wuta da na mai. Cikin 2011 ta koma kwana biyar, don ribar da aka zata ba ta samu ba, jama'a kuma suna kukan tarar da ofis a kulle ran Juma'a.

Me za mu koya daga waɗannan? Na farko, duk inda abin ya yi kyau, an san yawan aikin da a ke gamawa kafin a fara, aka kuma sake aunawa bayan an gama. Na biyu, ba ranar kawai aka cire aka bar sauran yadda su ke ba. An rage tarurruka marasa amfani, an gyara hanyar da takarda ke bi daga tebur zuwa tebur, an ba mutane kayan aiki. Na uku, lissafin masu ƙera harsasai magana ce a kan wanda aiki ya yi wa yawa. Sai kowane akawu ya tambayi zuciyarsa tsakani da Allah, shin shi gajiyar awa 70 ce ke damunsa, ko kuwa rashin wutar lantarki da rashin takarda da jiran sa hannun wani babba wanda ya tafi Dutse? In na biyun ne, ko an ba shi kwana uku ko an ba shi shida, fayil ɗin yana nan inda ya ke.

GANDU DA GAYAUNA

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu sami misali. Kakanninmu sun daɗe da warware irin wannan matsala a gonakinsu. Kowa ya tashi a karkarar Babura ko Gwiwa ya san gandu. 'Ya'ya da ƙanne su kan yi wa maigida aiki a gonar gandu daga safe zuwa azahar, cikin ranakun da aka sani. Da yamma, da kuma ranakun da aka bar musu, galibi Juma'a da ranar kasuwa, kowa ya nufi gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Shi kuma maigida akwai abin da ke wuyansa, watau ci da sha, da kayan noma, da biyan haraji a zamanin da a ke biya, da yi wa yaro auren fari. In maigida ya kasa sauke nasa nauyin, yaro ya kan fita gandu, ba kuwa mai zarginsa.

Ku duba hikimar da ke ciki. An yarda mutum yana da hakkin lokacin kansa, ba a ce duk ƙarfinsa na maigida ne ba. An san hakkin kowane gefe, ba mai canza shi shi kaɗai. Sa'an nan, mafi girma duka, akwai ma'auni wanda ba ya ƙarya, shi ne rumbu. In kaka ta yi aka ɗaure dammunan gero da dawa, kowa zai gani da idonsa ko aikin gandu ya yi ko bai yi ba. Ba wanda zai ce ya cika ranakunsa alhali rumbu wayam.

Makarantar allo ma tana da nata tsarin tun kafin zuwan Turawa. Almajirai su kan huta Alhamis da Juma'a, malamai kuwa su kan danganta wannan al'ada ga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Kwana biyar ke nan a mako, ƙarnuka kafin Ford ya yi tunaninsa. A nan ma akwai ma'auni, gama ba a wanke allo sai yaro ya biya abin da ke kansa.

To, ina rumbun ofishinmu? Abin da mu ke aunawa shi ne littafin sa hannu na safe, wanda kowa ya san yadda a ke yi da shi. Muna ƙidaya zama, ba ma ƙidaya abin da zaman ya haifar. Muddin haka ne, gardamar kwana huɗu da kwana biyar gardamar makafi ce a kan launin riga. Mai cewa aiki zai ƙaru ba shi da shaida, mai cewa zai ragu shi ma ba shi da ita.

MAKARANTA DABAM TA KE DA OFIS

Yanzu mu komo ga tambayar malamin nan saurayi. Akawu mai himma yana iya gama aikin kwana biyar cikin huɗu in ya tsaya tsayin daka, don takarda ba ta gajiya. Yaro ɗan shekara bakwai kuwa ba a ɗura masa karatu kamar yadda a ke ɗura hatsi a buhu. Ƙwaƙwalwarsa ta kan ɗauki kaɗan yau, ta kwana da shi, gobe a maimaita a ƙara kaɗan. In aka ce za a rama ranar da aka cire ta tsawaita sauran ranakun, sai mu tuna da watan Afrilu a ƙasar Babura, rufin kwano ya ɗauki zafi, yaro tun kokon safe bai sa kome a ciki ba. Wace irin koyarwa za ta shiga kansa ƙarfe uku na rana?

Bari mu yi ɗan lissafi. Mu ɗauka shekarar karatu mako 39 ce, watau kwana 195. In an cire rana guda kowane mako, an cire kwana 39 a shekara. Cikin shekara shida na firamare kwana 234 ke nan, fiye da shekarar karatu guda cur. Ko mun ce Juma'a rabin rana ce, aka raba lissafin biyu, har yanzu an ɗebe wa yaro fiye da rabin shekara. A Amurka akwai gundumomin karkara da yawa da suka mai da makarantunsu kwana huɗu. Binciken da aka yi a Jihar Oregon ya nuna inda awoyin koyarwa suka ragu saboda haka, ƙoƙarin yara a lissafi da karatu ya ragu. In haka ta faru a inda kowane yaro ke da littafinsa a gida, yaya ke nan a ƙauyen da allon bango ne kaɗai littafin aji?

Wa zai ɗauki hasarar? Ɗan mai hali yana makarantar kuɗi, wadda ba za ta rufe ran Juma'a ba. Ɗan talaka ne zai sami kwana uku a jere ba karatu. Yarinya kuma, kun san inda ranar nan za ta tafi, sai talla da ɗiban ruwa da reno. Iyayen da dama can da ƙyar aka shawo kansu suka sa 'ya'ya boko, in suka ga Gwamnati da kanta ta ce kwana huɗu sun isa, me zai hana su ce uku ma sun isa?

Amma kada a ce mun toshe kunne ga kukan malami. Kukansa gaskiya ne. Sai dai in mun saurara da kyau za mu ji ba yawan ranaku ya ke kuka da shi ba, nisa ne da kuɗin mai da gonar da ciyawa ke cinyewa. Maganin nisa shi ne a tura malami kusa da garinsu in da hali, ko a gina masa ɗaki kusa da makaranta, kamar yadda En'e ta kan yi wa malamanta a da. Maganin kuɗin mai shi ne alawus na karkara wanda za a biya a kan kari. Maganin gona kuwa shi ne a daidaita hutun ƙarshen shekara da lokacin noma, gama daminarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, wanda ya makara da noman fari ya makara da shekara. In aka rage ranar karatu don a sauƙaƙa wa malami kuɗin mota, an biya bashin da Gwamnati ta ci da karatun yaron da bai ci bashin kowa ba.

SHAWARARMU

Ba mu ce kada a taɓa ranakun aikin ofis ba. Abin da mu ke cewa shi ne a gina rumbu tukuna. Ga yadda mu ke gani.

Da fari, kowane ofis na ƙaramar hukuma ya rubuta ayyukansa da Hausa ya manna a bakin ƙofa, tare da kwanakin da kowane aiki zai ɗauka, ko takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ce, ko fayil ɗin ƙarin girma, ko takardun fansho. A yi wata shida ana rubuta nawa suka shigo, nawa aka gama cikin wa'adi. Sa'an nan ne za a ce an san inda aka tsaya.

Na biyu, in za a gwada, a gwada da damina, a ƙananan hukumomi biyu ko uku, na wa'adin da aka yanka. Kada kuma a kulle ofis. A raba ma'aikata kashi biyu, waɗansu su huta wannan rana, waɗansu waccan. Dattijon da ya sayar da kazarsa ya biya kuɗin mota daga ƙauye don neman takarda guda, bai kamata ya tarar da kwaɗo a ƙofa ba.

Na uku, a yi yarjejeniya a rubuce tsakanin Gwamnati da ƙungiyoyi, watau NLC da NUT da ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, cewa ba za a rage albashi ba, ba kuwa za a fake da gwajin a sallami kowa ba. In wa'adi ya cika a karanta sakamako a bainar jama'a. In aiki ya ragu a koma kwana biyar ba tare da jin kunya ba, in bai ragu ba a ci gaba.

Na huɗu, a bar makaranta da asibiti a kwanakinsu, amma a saka wa ma'aikatansu ta wata hanya, don kada su ga an fifita na ofis a kansu. Ita ma makaranta a yi mata ma'auninta. Ƙarshen kowane zango a ba kowane ɗan aji uku shafi guda na Hausa ya karanta a gaban iyaye da dagaci, a rubuta nawa suka iya.

Ga shugabannin ƙungiyoyi kuma muna da magana ta musamman. Ma'aunin nan ku ya kamata ku kawo shi da kanku, kada ku jira a kawo muku. Ƙungiyar da ta zo gaban Gwamnati ta ce ga abin da mutanenmu suka gama bara, ga abin da ya hana su yin fiye da haka, ta fi ƙarfin baki nesa da wadda ta zo da barazanar yaji kaɗai. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Haka kuma wanda ya yi askin yana da bakin neman ladansa cikakke, har ya nemi hutu a kai.

Da za mu tashi daga makarantar nan, hedimasta ya raka mu har bakin mota. Muka ce masa, "Baba, maganar da ka yi ɗazu ta kwana huɗu, da gaske ka ke?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai abin da na sani, shekarun nan da na yi ina koyarwa ba a taɓa tambayata yara nawa suka iya karatu a hannuna ba. Kullum sai dai a tambaye ni ƙarfe nawa na zo." Mun riƙe wannan magana, kuma laifin da ke cikinta har da mu masu rangadi. Zango mai zuwa, in Allah ya kai mu, shafin Hausa za mu fara buɗewa kafin littafin sa hannu.

Muna roƙon malamai da akawunan ƙasar Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, da ma na sauran wurare, wanda ke da abin cewa a kan wannan magana ya rubuto, ko ya yarda da mu ko bai yarda ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ci halalinmu, amin.